Belin Ɗan Wanzam

Kofin shahi ne ya tona wa Wanzam Jibirin asiri. Safiyar Alhamis, an dawo daga masallaci ana zaune ƙarƙashin rumfar tsakar gida, tsohon ya ɗauki ɗan kofin gilashinsa zai kai baki, sai hannun ya shiga rawa. Shahi ya tsiyayo ta gefe ya sauka a kan farar jallabiyarsa. Ya yi wuf ya tallafa da hannun hagu, ya kurɓa, ya ajiye, sannan ya hau matarsa Hauwa da faɗa wai ta cika kofin har baki. Ita kuwa ba ta cika shi ba. Wata biyar ke nan rabi take zuba masa.

Ɗansu Bilyamin yana zaune a bakin angarib, gadon igiyar nan, yana ɗaure takalmi, kuma ya ga komai. Ba yau ya fara gani ba. Ya yi shekara uku a makarantar koyon aikin lafiya a Sinnar, ya ƙara da biyu yana aikin sa kai a wani asibiti a Suki, saboda haka ya san sunan wannan rawar hannu, ya kuma san ba ta komawa baya. Amma yau ba don ita ya sa takalmi ba. Takardar ɗaukarsa aiki ta fito, mataimakin likita a Damazin, an ce ya kai kansa kafin a tashi aiki ranar Alhamis, in ya makara kuwa akwai masu jiran kujerar da yawa. Jakarsa tana jingine da bango tun jiya. Sai ya kama motar ƙarfe goma zuwa Suki, ya tsallaka Sinja, sannan ya hau ta Damazin.

Tsohon ya shiga ɗaki ya sake jallabiya, ya fito rataye da zabira, jakar fatar nan ta wanzamai da ta yi baƙi don tsufa.

"Baba, ina zuwa da zabira?"

"Simayar ɗan Hamid. Ka mance yau kwana bakwai?"

Bai manta ba, ya dai ɗauka tsohon zai kawo uzuri. A Hillat Mati, ƙauyenmu da ke kusa da Suki, ranar simaya, wato ranar suna, wanzami aiki biyu yake yi. Ya aske wa jariri kai, sannan ya buɗe masa baki ya yanke beli, ɗan tsokar nan da ke reto can ƙarshen ganɗa. Mutanenmu, Allah ya bar mu da su, sun yarda da zuciya ɗaya cewa in aka bar shi zai yi tsawo ya hana yaro tsotson nono, ko ya kumbura ya shaƙe shi. Sun karɓi allurar rigakafi, sun karɓi waya mai hoto, matasansu ma Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu, amma ka taɓa maganar beli ka ga tsofaffi sun miƙe tsaye. Aikin kuwa na gidan Jibirin ne tun kakansa, wanda ya taho da ƙafa daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, ya tsaya hutawa a bakin kogin nan, hutun da har yau zuriyarsa ba ta gama ba.

"Aski kaɗai za ka yi ko, Baba?"

"Aski da abin da ka bin aski. Yau kaf fara ganin simaya?"

"Hannunka fa?"

Tsohon ya tsaya a bakin zaure, bai juyo ba. "Mi yas samu hannuna?"

Wane ɗa ne zai dubi ubansa ya ce masa ya ƙare? Tsohon ya jira kaɗan, da bai ji amsa ba ya fice abinsa.

Hauwa ta bar kwanukan da take tattarawa ta taho da sauri. "Bi shi, Bilya."

"Inna, motar ƙarhe goma..."

"Na sani. Jiya ya tashi yanke hwarce sai da ya yanke yatsa, ya ce mini ƙaya ta. Ɗan mutane na, kwana bakwai gare shi. Bi shi." Ta kama wuyan hannunsa ta matse, ta yi ƙasa da murya. "Amma waccan magana, ka dahwa Alƙur'ani. Kak ka mance ka dahwa."

Waccan maganar shekararta huɗu. A shekararsa ta biyu a Sinnar aka sa ɗalibai su duba maƙogwaron juna. Abokin karatunsa ya danne masa harshe, ya haska, ya ce komai lafiya, ga beli nan tsaf. Bilyamin ya yi dariya ya ce ya sake dubawa, shi ɗan wanzami ne, nasa tun yana kwana bakwai aka binne shi. Aka kawo madubi. Ga shi nan kuwa yana reto abinsa, bai ma san an taɓa binne shi ba. Da ya zo hutu ya tsare uwar a madafa, ta yi ta kewaye-kewaye, daga baya ta fashe da kuka ta gaya masa. Kafin shi an haifi wani, Mujtaba. Jibirin da kansa ya yanke masa, a lokacin kuwa hannun bai san rawa ba, amma jini ya ƙi tsayawa, kwana biyu yaron ya koma. Aka ce zazzaɓi ne. Da aka haifi Bilyamin, Jibirin ya ce shi kaɗai zai shiga da ɗansa ɗaki, ya turo ƙofa, ya ɗan jima, ya fito da ɗigon jan nama a kan auduga ya nuna wa tsofaffi. Naman ragon suna ne. Hauwa ta sa Bilyamin ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, ba zai ma nuna wa uban ya sani ba. Wanzamin da ya yanke na 'ya'yan mutane ya bar na ɗansa, ina zai sa kansa a garin nan?

Bilyamin ya cim ma uban a kan gaɓar tur'a, magudanar ruwan da ke shayar da gonaki. An saki ruwa a ranar, masu hawasha, wato masu gonakin, suna ciki har gwiwa suna buɗe masa hanya, duk wanda ya ɗago sai ya gaida Wanzam, tsohon yana amsawa da ɗaga hannun hagu. Na daman yana riƙe da igiyar zabira gam, don kada a gan shi sake.

"Baba, don Allah ka saurare ni. A Suki na ga ɗiya uku da anka kawo suna aman jini. Biyu ba su koma gida ba. Abin ga ba ciwo ba na, kowa da shi aka haihuwa tai."

"Ni nay yanke musu?"

"A'a."

"To."

"Amma hannunka ba na da ba na. Ni da kai duk mun sani."

Tsohon ya ja ya tsaya. Bilyamin ya shirya wa zagi, har da mari. Maimakon haka sai ya ga uban ya sauke zabirar daga kafaɗa ya miƙo masa.

"In hannuna kaka tsoro, amshi. Kai kak karanta jikin mutum, naka hannun bai rawa. Amshi ka yi."

Bilyamin ya dubi zabirar bai taɓa ta ba. Ya san ƙa'idar. Ɗan wanzamin da ya buɗe zabira a gaban jama'a ya gaji ubansa ke nan, ba a sake tambayarsa. Gida arba'in da wani abu ne a wuyan Jibirin, haihuwarsu da kaciyarsu da ƙahonsu, duk su dawo wuyansa. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake gudun jakar nan. Don ita ya yi ta karatu har idonsa ya nemi tabarau, don ita ya jure 'yan makaranta suna kiransa ɗan mai aska. Kuma ko ya yarda ya bar Damazin, abin da ake so ya yi da hannun nasa marar rawa shi ne dai abin da ya zo hanawa.

"Ban iyawa, Baba."

"To ka tahi Damazin ɗinka ka bar ni da aikina." Ya mai da zabirar kafaɗa ya ci gaba da tafiya. Bilyamin ya bi bayansa, taku uku tsakaninsu.

A ƙofar gidan Hamid an shimfiɗa tabarmi, an riga an yanka rago, liman ya yi addu'a, yaro ya ci suna Hashim. Ana ta zagayawa da shahi da zalabiya, ƙosan fulawar nan. Bilyamin ya ja uban jaririn gefe, ya roƙe shi kada ya bari a yanke wa yaron beli. Hamid abokinsa ne tun firamare, direban tarakta, mutum mai faɗin kafaɗa da saurin dariya, yau kuwa bakinsa ya ƙi rufuwa don murnar ɗan fari. Ya saurara, dariyar tana raguwa a hankali.

"Wallahi ya Bilya, ana ma'ak, ina tare da kai. Ni ma ban so. Lakin ka san Habboba."

"Ɗanka na, Hamid."

"Ɗana na, gidanta na. Jiya na ɗan taɓa maganar, tac ce in ba a cire ba, haramun na yaron ya sha nono a gidan ga. Kai je ka gwada, ƙila ta ji ta diktor."

Yana faɗin haka aka kira shi wajen rabon nama, ya tafi da saurin da ya fi ƙarfin kiran. Bilyamin ya ji haushinsa, ya kuma ji tausayinsa, domin ya san matar.

Habboba Ramatu uwar Hamid ce, amma duk garin Habboba ake ce mata, wato kaka. Ta haifi goma sha ɗaya ta binne huɗu, kuma ba ta taɓa yarda cewa akwai abin da wani ya sani game da jariri wanda ita ba ta riga shi sani ba. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno a tsakar gida, mata sun kewaye ta cikin tob, dogon mayafin nan, kala-kala. A kan tabarma kuwa Muhsina ce, yayar Hamid, ta miƙe ƙafafu ta ɗora jaririn, domin a wajenmu gwaggo ce ke riƙe yaro a gaban wanzami. Mai jegon, Ilham, tana ɗaki bayan labule, ba a yarda uwa ta ga aikin ba.

"Lale da Wanzam! Yau har da diktor anka zo mana? To madalla, ɗan ga ya yi goshi," in ji Habboba.

Jibirin ya zauna ya buɗe zabira, ya jera kayansa a kan wani ɗan ƙyalle. Ya jiƙa kan yaron da ruwan ɗumi da sabulu. Nan Bilyamin ya ga dabarar da tsohon ya koya wa kansa a ɓoye. Ya kafa gwiwar hannu a kan cinya, ya dafa ƙaramin yatsa a kan yaron, ya bar askar tana tafiya a gajerun taku. Mata suna ta hira, ba wadda ta lura. Gashi yana sauka laushi-laushi. Saura bayan kunnen hagu, hannun ya ƙwace sau ɗaya, wani siririn jan layi ya fito, yaron ya callara kuka. Tsohon ya shafe wurin da babban yatsa kafin kowa ya gani, ya ce yaron nan akwai murya, za a yi ladan. Aka yi dariya. Bilyamin bai yi ba.

Sai tsohon ya ɗauko sauran kayan biyu, ɗan faffaɗan itacen danne harshe da 'yar lanƙwasasshiyar aska mai dogon mariƙi. Wannan aikin ba ya karɓar dabara. Ba inda za ka kafa gwiwar hannu, ba inda za ka dafa yatsa, sai hannu ya shiga bakin da bai fi bakin kwalba ba, yana sake. Muhsina ta gyara zama, ta matse kan jaririn a tsakanin tafukanta, ta kau da fuska. Jibirin ya yi bisimilla ya ɗaga askar. Bakin askar ya shiga kaɗawa a iska, dama, hagu, dama. Ya sauke, ya goge tafinsa a jallabiya, ya sake ɗagawa. Ta fi ɗazu kaɗawa.

Hirar mata ta mutu.

"Wanzam," in ji Habboba, "sanyi kaka ji?"

"Shahi nash sha da yawa."

Habboba ta daɗe tana kallon hannun. Ba wawiya ba ce. Ta juya ta dubi Bilyamin, sai fuskarta ta washe kamar wadda ta tsinci abin da ta yar.

"Af! Mi muka wahal da tsoho ga ɗa nai tsaye? Ba shi askar, Wanzam. Dama lokaci ya yi. Wanzami kuma diktor, wane gari ka da irin wanga?"

Wata ta rangaɗa guɗa, wasu suka tafa. Jibirin ya juya askar ya miƙo wa ɗansa ta mariƙi. A bakin tur'a da gadara ya miƙo zabira, yanzu kuwa ba gadara a idonsa. Roƙo ne tsagwaronsa, irin wanda Bilyamin bai taɓa gani a fuskar ubansa ba, kuma ya so ƙasa ta tsage da bai gani ba.

Ya yi tunanin ya karɓa ya yi ƙarya, ya sa hannu ya fito ya ce an gama. Amma Habboba sai ta ga tsokar a kan auduga, ita za ta ƙunshe ta ta binne a bayan ɗaki, kuma mata ashirin sun zuba masa ido. Ya haɗa hannayensa a baya.

"Habboba, ku yi haƙuri. Ba ni yi, kuma Baba ma ba ya yi. Belin ga ba ciwo ba na. Allah yas sa shi nan, yana da aiki nai. Yanke shi ka kashe ɗiya, ba barin shi ba. Na gani da idona a mustashfa, asibitin Suki."

"Ji min ɗan ga." Habboba ta riƙe haɓa. "An aike ka ka koyo allura, kad dawo da wa'azi. To ji nan. In kai ba ka yi, ubanka bai iyawa, ai ba ku kaɗai na wanzamai a duniya ba. Yanzu in aika ƙetaren tur'a a kira mini na can, kahin azahar ya gama."

Bilyamin ya san na can. Yaro ɗaya cikin ukun da ya gani a Suki aikinsa ne. Jibirin ma ya san shi, don jin haka ya janye askar ya sake gyara mata riƙo.

"Ba a kira mini wani a gidan da ubana yay yi wa aiki. Muhsina, riƙe shi da kyau."

Ya sa itacen ya danne ɗan harshen. Yaron ya shiga mutsu-mutsu, kukansa ya koma kakari. Askar ta doshi bakin tana rawa. Bilyamin ya durƙusa ya cafke wuyan hannun ubansa. Mata suka yi salati. A garin nan ba a taɓa ganin ɗa ya riƙe hannun uba ba.

"Sake ni."

"Ban saki, Baba."

"Kai, marar kunya!" Habboba ta miƙe tsaye, tob ɗinta ya zame daga ka. "Kai da anka cire ma naka kag girma lahiya, kay yi karatu, kas samu wazifa, aiki mai albashi, yanzu ɗan wani za ka hana ma? Da an bar ma naka da yanzu kana ina?"

Bilyamin ya ji hannun uban ya sandare a cikin nasa. Ya tuna uwarsa, ya tuna sanyin fatar littafin da ya dafa. Ya san kaffarar rantsuwa, azumi uku ko ciyarwa, wannan mai sauƙi ne. Abin da ba shi da kaffara shi ne tsohon nan da ke gabansa. Amma duk wata magana ta ƙare masa, kuma ɗan bakin nan yana buɗe har yanzu da itace a ciki.

"Ba a cire mini ba, Habboba."

"Bilyamin," in ji Jibirin, a hankali. Rabon da ya kira shi da cikakken sunansa tun yana yaro.

"Ba a cire ba. Ga ni nan, shekara ashirin da bakwai, da belina nika cin tuwo. Zo ki duba."

Ya zare itacen daga bakin jaririn ya ajiye, ya ɗauki cokalin shahi daga faranti ya miƙa mata, ya ja da gwiwa zuwa inda rana ke faɗuwa a tsakar gidan, ya ɗaga kai ya wangame baki. Ka ga ƙato da wandon ofis da tabarau, durƙushe a ƙasa, tsohuwa ta danne masa harshe da gindin cokali tana leƙe kamar mai duba haƙoran akuyar sayarwa. Da a wata rana ce da an yi dariya har da hawaye. Habboba ta daɗe tana dubawa. Ta juya kansa dama, ta juya hagu. Ta yafito wata tsohuwa sa'arta, ita ma ta leƙa, ta ja da baya tana tafa hannu a hankali.

Habboba ta saki cokalin ya faɗi ƙasa.

"Jibirin. Ina nan ranar simayar ɗan ga. Da idona nig ga abin da kan nuna muna bisa auduga."

Tsohon yana zaune inda yake, askar a kan cinyarsa. "Naman rago na."

"Don mi?"

"Mujtaba. Ba zazzaɓi yak kashe shi ba."

Daga waje ana jiyo maza suna gardama a kan rabon nama, ba su san abin da ake ciki ba.

"Kuma kac ci gaba da yanke na ɗiyanmu. Shekara talatin."

"Ku ka kirana, Ramatu. In na ƙi ku kira wani, wanda bai kai ni hannu ba. Nac ce gara ni." Ya juya askar a kan cinyarsa. "Kuma in na ce muku ba shi da amfani, sai ku tambaye ni yadda nis sani."

Habboba ta koma kan kujerarta ta zauna daɓas. A karon farko a ranar ta yi kama da shekarunta. Ta dubi jaririn, ta dubi askar, ta ce a kwashe kayan nan daga gabanta, kuma ba a aika kowa ƙetaren tur'a. Bayan labule aka ji Ilham ta fashe da kukan da ta daɗe tana dannewa.

Jibirin ya shiga mai da kayansa cikin zabira ɗaya bayan ɗaya, suna ƙara a hannunsa, bai ɗaga ido ya dubi kowa ba. Bilyamin ya miƙe ya kaɗe gwiwoyinsa. Zuciyarsa tana ciwo don uban, amma gaskiya a faɗe ta, a ƙarƙashin ciwon akwai wani daɗi. Yaron ya tsira. Shi bai taɓa zabira ba. Ya saci kallon agogo, tara da kwata, in ya ɗaga ƙafa zai sami mota. Har ya fara shirya abin da zai gaya wa uwarsa.

"Diktor."

Muhsina ce. Tun da aka shigo ba ta ce komai ba. Tana nan yadda take, ƙafafu a miƙe, tana jijjiga jaririn da ya fara lafawa, kuma ba Jibirin take kallo ba.

"Na'am, Yaya Muhsina."

"Kai yaushe kag gane naka na nan?"

Ya ɗauka shaida take so, don a ƙara tabbatarwa. Ya amsa da ƙarfinsa yadda kowa zai ji.

"Shekara huɗu ke nan. Tun ina Sinnar."

Ta gyaɗa kai. Ta sa bakin tob ɗinta ta goge ɗan jinin da ya sake tsattsafowa bayan kunnen yaron.

"Huɗu," ta ce. "Raihanata da tana nan, da watan ga ta cika shekara biyu."

Sai a lokacin ya tuna. Yana shirin jarrabawar ƙarshe aka yi masa waya cewa jaririyar Muhsina ta koma, kwana tara da haihuwa. Ya zo ranar uku da farar rigarsa, ya zauna a kan tabarma a ƙofar gidan mijinta, ya yi addu'a ya shafa, ya sha shahi. An ce masa zazzaɓi ne, shi kuma bai tambaya ba. Ya san abin da ake yi ranar bakwai, ya san abin da ke cikin bakinsa, ya zauna da shi a rufe har aka tashi, ya koma Sinnar da yamma.

Muhsina ba ta jira ta ji ta bakinsa ba. Ta tashi da jaririn a kafaɗa, ta ɗaga labule ta miƙa wa uwarsa, sannan ta wuce bayan gida inda ake wanke tukwanen suna, ta tsuguna ta ja guda ɗaya gabanta.